Gani Bai Kori Ji Ba: Tarihin Haɗa Murya da Hoto, Daga Majigi Zuwa Faifan Gida a Damargu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Maganar ta samo asali ne a zamanin da ido da kunne ke tafiya tare, lokacin da in ka ga mutum yana motsa baki, to muryarsa ce ke shiga kunnenka. Ni dai na fara ɗari-ɗari da wannan karin magana ne a wani dare, a wani ƙauye da ke yamma da Tanut, inda wata ƙungiyar raya al'adu ta tara jama'a a filin makaranta domin a kalli faifan DVD da ta sa aka yi mata a birni.

Abin da ke cikin faifan hira ce da aka ɗauka a kaset ɗin bidiyo shekaru da dama kafin wannan dare: dattawa biyu a kan tabarma guda, suna ba da labarin kafuwar garin da haƙa rijiyarsa ta farko, wannan ya faɗa, wancan ya karɓa. Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya. Da farko komai ya tafi daidai. Da aka yi nisa sai murya ta soma jan ƙafa a bayan baki, kaɗan-kaɗan, har zuwa wajen ƙarshe tazarar ta kai sakan biyar ko shida. A nan ne aka ga dattijo na biyu yana motsa leɓe, alhali muryar na farko ce ke fitowa tana cewa, "Kakanninmu suka haƙa ta." Wani saurayi daga zuriyar dattijo na biyu ya miƙe ya ce, "To, kun ji daga bakin kakanmu, mu ke da rijiya." Wata tsohuwa da ta san mutanen biyu tun suna raye ta ce masa, "Zauna, ɗan nan. Bakin na kakanka ne, muryar kuwa ba tasa ba ce." Ba don ita ba, da an watse daga taron da sabon tarihi, da kuma sabuwar gaba tsakanin gida biyu, domin a ƙasar Damargu maganar rijiya ba abar wasa ba ce.

Saɓanin murya da hoto a faifan gida abu ne da kowa ya taɓa gani, akan yi tsaki a ce aikin bai yi kyau ba, a wuce. Wannan maƙala tana so ta nuna cewa matsalar tana da dogon tarihi, cewa ƙasar Nijar tana cikin wuraren da aka yi fafutukar magance ta, kuma cewa tambayar da ke ƙarƙashinta tun farko ita ce: wa ke magana a kan hoton wa?

Ƙasar da aka gani, ba a ji ta ba

Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumar Tanut da ta Belbeji da aka cire daga cikinta a 2011, ta daɗe tana kan hanyar matafiya. Ita ce rumbun hatsin Abzin. A nan ayarin raƙuma ke ɗaukar geron da ake musanyawa da gishiri da dabino a Bilma da Fashi, ta nan kuma fatake ke ratsawa tsakanin Agadas da Damagaram da Kano. Hausawa da Barebari da Abzinawa da Fulani sun zauna tare a cikinta, kowa da harshensa.

A watan Janairu na 1851 Bature Heinrich Barth ya sauka a Tagelel tare da James Richardson da Adolf Overweg. A nan Richardson ya rabu da abokan tafiyarsa ya nufi Damagaram, su kuma suka yi wajen Tasawa. Abin da duniya ta fara karantawa game da Damargu daga alƙalamin waɗannan baƙi ya fito. A 1899 rundunar Foureau da Lamy ta ratsa ƙasar a kan hanyarta daga Aljeriya zuwa Damagaram, ita ma ta bar nata rahoto. Kawusan, wanda aka haifa a Damargu wajen 1880 kuma ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa watan Maris na 1917, an daɗe ana sanin labarinsa ta bakin waɗanda ya yaƙa. A duk waɗannan rubuce-rubuce an ga mutanen Damargu, an siffanta rumbunansu da rigunansu da takubbansu, amma wani ne ke magana a madadinsu. Nasu bayanin yana bakin dattawa da maroƙa da malamai, kuma darajar kowane labari a wurinsu tana rataye ne da wanda ya faɗe shi, kamar yadda malaman hadisi ke auna ruwaya da isnadinta.

Yadda silima ta yi baki

Silima ta yi shekara talatin da ƴan kai tana bebiya. Hoto mai motsi ba komai ba ne illa jerin hotuna tsayayyu da ake wucewa da su da sauri har ido ya ɗauke su motsi guda. Sauti kuwa ana ɗaukar sa ne da wata na'ura dabam. Wahalar ita ce a sa na'urorin biyu su yi tafiya da taki ɗaya.

Kamfanin Warner na Amurka ya gwada wata dabara mai suna Vitaphone a 1926, kuma da ita aka nuna The Jazz Singer a watan Oktoba na 1927. Muryar tana kan faifan garmaho, hoton yana kan zaren fim, kowane naɗi da faifansa. Mai haskawa zai ɗora allura a kan wata alama, ya tayar da injin, ya yi ta addu'a. In allura ta yi tsalle, ko zare ya tsinke aka yanke ɗan guntu wajen liƙewa, shi ke nan, murya da baki sun rabu har ƙarshen naɗin. Domin haka akan cike gurbin abin da aka yanke da baƙin zare mai tsawo daidai da shi. Kafin 1931 an yi watsi da wannan hanya, aka koma buga sautin a gefen zaren fim ɗin kansa, aka kuma tsayar da gudu a kan hotuna 24 a sakan. Darasin da aka koya shi ne, muddin murya da hoto suna kan abu biyu masu agogo biyu, wata rana sai sun saɓa.

A wannan zamani ne kuma aka fito da ɗan allon nan mai baki da ake bugawa a gaban kyamara kafin a fara ɗauka. Amfaninsa guda ne: a sami lokaci ɗaya da ido ya ga haɗuwar katako biyu, kunne kuma ya ji ƙararsa, domin mai haɗa fim ya ɗora wannan a kan wancan. Abin lura, sunan da Bahaushe ya ba faifan garmaho, wanda ya aro daga faifan kaba na rufe ƙwarya, shi ne ya bi sidi da DVD har yau. Cutar da ta addabi faifan farko ita ma ta biyo jikokinsa.

Majigi da tafinta

A ƙasar Hausa mutane da yawa sun fara ganin hoto mai motsi ne a majigi. Tun shekarun 1930 wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers yake yawo da motar nuna fim a Najeriya, kuma a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinai na ƙasashen da take mulka, ta ba shi shugabanci. Motar takan tsaya a ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle, a haska fim a kan tsabta ko noma ko ziyarar wani babba. Yawanci muryar da jama'a ke ji ta tafinta ce, yana tsaye da lasifika yana faɗin abin da ya kamata a fahimta. A ɓangaren Faransa kuwa, dokar da Pierre Laval ya sa wa hannu a 1934 ta hana kowa ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da ke hannunta sai da izinin hukuma, bayan ta duba abin da za a ɗauka. Ta kowace fuska dai, hoton na talaka ne, muryar ta mai mulki ce.

Rabon Nijar a cikin wannan tarihi

Jean Rouch ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma mai nazarin al'adu da ɗaukar fim. Fim ɗinsa na farko, wanda ya ɗauka a bakin kogin Kwara, ya fito a 1947 da suna Au pays des mages noirs. Kamfanin da ya saye shi a Faransa ya sauya jerin hotunan, ya ɗora kiɗa da muryar wani mai sharhin wasanni, har abin ya zama labarin da Rouch kansa bai yarda da shi ba. A 1954 ya koma Ayoru ya nuna wa masunta Sarkawa wani fim ɗin nasa na farautar dorina. Suka ƙi amincewa da kiɗan da ya sa a wajen farautar, suka ce dorina tana da kunne, in ta ji kiɗa gudu za ta yi. Ya karɓi gyaran. Masu hoto sun fara neman haƙƙinsu a kan sautin da aka ɗora musu.

Kyamarar da Rouch ke aiki da ita a lokacin irin wadda ake murɗa mata ƙarfi da hannu ce, kamar agogon da, ba ta wuce sakan ashirin da ƴan kai take tsayawa, kuma ba ta tafiya tare da na'urar ɗaukar murya. Da ya ɗauki Moi, un noir a unguwar Treichville ta Abijan a 1957, sai ya zaunar da babban ɗan wasansa, Oumarou Ganda, ɗan Nijar, tsohon sojan yaƙin Indocin da ke aikin dako, a ɗakin ɗaukar murya, yana kallon hoton kansa yana faɗin abin da ke ransa. Muryar ba ta dace da motsin leɓe ba, amma a wannan karo ta mai hoton ce. Haka aka yi wa Jaguar, inda Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel suka yi ta hira a kan hoton tafiyarsu zuwa Gwalkwas.

Maganin ya zo ne daga na'urori biyu. Stefan Kudelski ya ƙera rakoda mai suna Nagra a Suwizalan, wadda samfurinta na uku ya fito a 1958, André Coutant kuma ya ƙera ƙaramar kyamara marar ƙara a Faransa, wadda Rouch da Edgar Morin suka gwada a birnin Paris a 1960. Dabarar ita ce kyamara ta riƙa aika wata alama da ake naɗewa a kan zaren murya, ta zama ma'aunin gudunta, domin a daidaita su daga baya. A 1971, a garin Simiri na Zarmaganda, Rouch ya ɗauki Tourou et Bitti a ɗauka guda ta kusan minti goma, Moussa Hamidou yana biye da shi da rakoda, kowane bugu na kiɗan yana faɗawa daidai inda hannu ya sauka. Oumarou Ganda kuwa ya zama mai shirya fim da kansa: ya yi Cabascabo a 1968, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

A daidai wannan zamani ana wani aikin na tattara murya zalla. An kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962, inda masu jagoranci, da yawansu malaman makaranta, ke ɗaukar muhawarar mutanen karkara a rakoda a aika gidan rediyo. A 1968 aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda aka sani yau da CELHTO. Littafin André Salifou a kan daular Damagaram, na 1971, ya dogara ƙwarai da abin da aka ji daga bakin mutanen ƙasa. Sai dai duk wannan aiki na masana ne da hukuma. Talakan Tanut bai mallaki na'urar da za ta haɗa fuskar mahaifinsa da muryarsa ba sai da kaset ɗin bidiyo ya zo.

Daga kaset zuwa faifai

Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Daga kasuwar Ƙofar Wambai kaset ya riƙa bin tsohuwar hanyar fatake, ta Daura da Matamai zuwa Damagaram, daga nan ya haura kilomita kusan 150 zuwa Tanut, ya bazu kasuwannin ƙauye. Waɗannan finafinai sun gaji wata al'ada daga Indiya, inda tun 1935 mawaƙi ke rera waƙa a ɗakin ɗaukar murya, ɗan wasa ya bi ta da baki a gaban kyamara. Da wannan, da kuma kwafin kwafi da ake yi har hoto ya dushe murya ta shaƙe, ƴan kallo suka saba da yafe wa na'ura. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayanin yadda wannan dusashewa ta zama wani ɓangare na kallon bidiyo a Kano. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, waɗanda suka cika kasuwa a shekarun 2010, sun ƙara sabar da ido ganin baki yana wani abu, murya tana wani.

Yafiyar da ta dace da fim ɗin nishaɗi ba ta dace da shaida ba. Kyamarar da ta ɗauki wasan kwaikwayo ita ce ta shiga gidajen biki da suna, da walimar saukar karatu, da Maulidi, da naɗin sarauta, da filin kokowa, da wasannin ƴan makaranta na ƙarshen shekara. A shekarun 2000, da faifan VCD da na DVD suka yi araha, injunan kallonsu ƙirar Sin suka cika kasuwa, sai kowa ya so a mayar masa da tsohon kaset a faifai. Samari masu kwamfuta guda da injin wuta suka buɗe shaguna a birane suna wannan aiki, galibi da ilimin da suka koya wa kansu, kuma sun ceci abubuwa da yawa da za su salwanta. A wajen wannan juyi ne mafi yawan saɓanin ya shigo. A kan kaset ɗin VHS murya da hoto suna kwance a zare guda, tare suke tafiya. Da an shigar da su kwamfuta sai su rabu gida biyu, hoto ya bi ta wata na'ura, sauti ya bi ta wata, kowace da agogonta. Matsalar Vitaphone ce ta dawo bayan shekara tamanin.

Iri uku na saɓani

Wanda zai yi gyara sai ya fara gane irin cutar, domin iri uku ce, kowace da maganinta.

Na farko shi ne tazarar da ba ta canzawa: murya ta riga hoto, ko ta makara, da gwargwado ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wannan yakan faru in an ɗora sauti ba a daidai mafarinsa ba, ko an yanke farkon ɗaya an bar ɗaya. Shi ne mafi sauƙi, ana tura sautin gaba ko baya ne kawai.

Na biyu shi ne tazarar da ke ƙaruwa a hankali, kuma lissafi ne ke bayyana ta. Kwamfuta tana adana sauti ne ta hanyar auna shi sau dubbai a kowane sakan. Faifan sidi da na VCD suna aiki da awo 44,100 a sakan, DVD kuwa da 48,000. In aka ɗauki sautin VCD aka karanta shi da ma'aunin DVD ba tare da an juya shi ba, maganar awa guda za ta ƙare a minti 55 da sakan 7, muryar kuma ta sirance. Haka nan hoto: silima tana gudu a kan hotuna 24 a sakan, talabijin ɗin Nijar da na Najeriya a kan 25, na Amurka a kan kusan 30. Fim ɗin awa guda da aka mayar daga 24 zuwa 25 yakan ragu da minti 2 da sakan 24, in ba a rage sautin daidai da haka ba sai ya yi ta ja baya. Wani lokaci kuma ƙungiya takan ɗauki murya dabam a rakodar kaset don ta fi fita, batir ya yi sanyi ana cikin ɗauka, gudun zare ya ragu. Maganin wannan iri shi ne a auna tazarar a farko da kuma a ƙarshe, sannan a miƙe sautin ko a taƙaita shi gwargwadon bambancin.

Na uku shi ne tazarar da ke zuwa tsalle-tsalle, kuma ita ce cutar tsohon kaset. Zafi da ƙurar hunturu suna cin zare. Duk inda hoton ya yi rawa, kwamfuta takan kasa kama shi ta zubar da hoto ɗaya ko biyu, sauti kuwa yana tafiya bai tsaya ba. Kowane hoto kashi ɗaya ne cikin 25 na sakan. In ana asarar guda a kowane minti, a ƙarshen awa an rasa 60, wato sakan biyu da kusan rabi. Abin da ya sami faifan dattawan nan biyu ke nan. Gyaransa sai an bi shi gaɓa-gaɓa, kuma mafi alheri a koma kan kaset a sake juyawa da na'urar da ke daidaita rawar hoto kafin ya shiga kwamfuta. Wayoyin hannu, waɗanda suka maye gurbin kyamara a yau, suna da tasu cutar: yawancinsu suna sauya yawan hotunan da suke ɗauka a sakan gwargwadon haske, don haka sai an mayar da bidiyon kan gudu tsayayye kafin a yi aiki da shi.

Abin da ido da kunne ke iya ɗauka

Duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa hango mace tana daka daga nesa, ya ga taɓarya ta sauka, sai bayan ɗan lokaci ƙarar ta iso. Sauti yana tafiyar mita 340 ne a sakan, haske kuwa kamar ƙiftawar ido. Saboda haka ɗan Adam ya saba da sautin da ya makara, bai saba da wanda ya riga ba. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta auna wannan a wata shawara da ta fitar a 1998: mai kallo yakan fara lura in sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin dubu na sakan, wato hoto ɗaya da ɗan ɗori, amma in makara ya yi sai ya kai kashi 125, kimanin hotuna uku.

Akwai kuma abin da ya fi shafar malamai. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald na Jami'ar Surrey a Ingila sun nuna cewa in aka ɗora sautin "ba" a kan hoton bakin da ke furta "ga", mutane da yawa "da" suke ji. Ashe ido yana taya kunne ji. Tsoho marar haƙora da ke magana cikin iska, a kaset ɗin da ya dushe, rabin fahimtarsa a leɓensa take. Ɗalibin da aka nuna wa faifan da ya saɓa ya yi asarar wannan rabi, wani lokaci ma abin da ido ya gani ya ɓata masa abin da kunne ya ji.

Abin da ya rage gare mu

Zamanin DVD ya ja baya, katin memori da waya sun karɓe kasuwa. Amma faifan da aka buga a gida ba ya daɗewa kamar na kamfani, domin rubutun yana kan wani siririn rini ne da zafi da rana ke kashewa, injunan VHS masu aiki kuma sai ƙara wuya suke. Ƙungiyoyin al'adu da makarantun Tanut da Belbeji da Gangara da Olelewa suna da ɗan lokaci kaɗan na tattara abin da ke cikin adakokin mutane.

Matakin farko shi ne kada a yar da kaset don an sami faifai, domin kaset shi ne asali, sau da yawa kuma shi ne mai gaskiya. Sai a gwada faifan a inji fiye da ɗaya, don wani lokaci laifin na injin ne. Sai a kwafe abin da ke cikinsa zuwa kwamfuta yadda yake, a ajiye wannan kwafi ba a taɓa shi ba, a yi gyara a kan wani. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana tura sauti gaba ko baya da kashi 50 cikin dubu na sakan duk lokacin da aka danna harafin J ko K. Da ita ake auna tazara a farko da tsakiya da ƙarshe, a gane wace iri ce cikin ukun. Ita ba ta gyara faifan, sai an koma ga irin su Avidemux da Audacity, su ma kyauta ne. Wajen awo a nemi abin da ido da kunne za su yi shaida a kansa tare: tafi, ko rufewar leɓe a kan "b" da "m". Kada a dogara da gangar da ke can ƙarshen fili, domin a nisan mita 34 sautinta ya riga ya makara da kashi ɗaya cikin goma na sakan tun ranar da aka ɗauka.

Aikin kuma ba na mai kwamfuta ne shi kaɗai ba. Saurayin da ke shago a Damagaram ko Kano ba lalle ne ya ji Tamajak ko Barbarci ko Fulatanci ba, bai kuma san muryar mamatan ba. Dole a zaunar da wanda ya ji harshen, ya kuma san mutanen, kusa da shi, a rubuta a takarda sunan kowane mai magana da wuri da shekara, a ajiye kwafi a gida biyu ko uku. Ga masu ɗaukar sabuwar hira kuwa, akwai al'ada mai sauƙi da ta kamata a koya wa ɗalibai: kowane dattijo ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da bakinsa a gaban kyamara, sannan a tafa hannu sau ɗaya inda za a gani, a farkon ɗauka da ƙarshenta. Sunan ya zama isnadi, tafin ya tsaya a matsayin allon masu silima.

Kaset ɗin dattawan nan biyu an same shi daga baya a ƙasan wata adaka, an naɗe shi da tsohon zane. Da aka sa shi a inji, murya da baki suna tare tun daga bisimilla har fatiha. An sake juya shi, aka kira tsohuwar nan ta zauna ta kalla har ƙarshe kafin a buga wa kowane gida nasa kwafi, maganar rijiya kuma ta koma bakin wanda ya faɗe ta.